In Ta Toshe, Ka Kira Ni

Shekara arba'in da ɗaya Mai Risho ya yi yana buɗe abin da ya toshe. Shagonsa taku shida ne a tsawo, huɗu a faɗi, a ƙasan wani bene mai hawa uku, tsakanin mai wanki da guga da mai kemis. Da rishon kananzir ya fara tun yana saurayi, irin wanda ake buga wa iska har ya yi gurnani, ya wuce kan mai lagwani, da zamani ya juya ya koma gyaran murhun gas, amma suna bai juya ba. Yaran da ba su taɓa ganin risho da idonsu ba ma Mai Risho suke ce masa. A bangon bayan ƙofa yana ja da alli, sanda huɗu a tsaye ɗaya a gicciye, kowace sanda murhu guda ne da ya fita daga hannunsa yana ci da shuɗiyar wuta. In bango ya cika sai ya rubuta jimla a saman ƙofa, ya goge, ya soma sabo. Jimlar ƙarshe da ke can sama dubu goma sha tara ce da ɗari biyu da 'yan kai.

In ka tambaye shi sirrin sana'ar ba ya ja maka rai. Cikin murhu goma da ake kawo masa, bakwai ba abin da ya same su sai toshewa. Akwai wani ɗan rami a kan murhu wanda bai kai kan allura ba, ta nan mai ko gas ke fita. Ƙura ta shiga, ko miya ta zuba ta bushe, shi ke nan mace ta yi ta fama da jar wuta da baƙin tukunya tana tsine wa wanda ya sayar mata. Shi kuwa sai ya zaro tsinkensa daga aljihun gaba, wata siririyar waya ce da ya ciro daga igiyar burkin keke ya yi mata mariƙi da guntun gwangwani, ya soka sau biyu, ya hura, ya ƙyasta ashana. Minti uku an gama. Tsinken nan ya fi hularsa daɗewa a jikinsa. Matarsa takan ce ranar da ya mutu sai an laluba aljihunsa da kyau, kar ya je can ya fara soke-soke.

Matar tasa tela ce, kuma Tela yake kiranta tun kafin a haifi babbansu. Ita ma in ta so tsokana sai ta ce masa Injiniya. A hawa na uku na benen suke, ɗaki biyu da falo, matakala talatin da takwas daga bakin shago zuwa bakin ƙofarsu. 'Ya'ya huɗu suka haifa. Uku sun yi nisa da iyalansu, sai Auta, wadda ke aiki da masu awon hanya, ta yi wata biyu a daji tana kwana a tanti, ta zo gida ta yi mako guda ta koma.

Shekara uku da suka wuce yatsun Tela suka soma kumbura. Almakashi ya fara gagararta, sannan allura, daga baya har maɓallin rigarta sai shi ya ɓalle mata. Wata ashirin da shida keken ɗinkinta ya yi a rufe da tsohon zani, ita kuma tana zaune a gefensa kamar mai zaman jinya. Sun zaga asibiti uku kafin su dace da wata likita da ta ɗora ta kan wani magani, ƙwaya shida duk ranar Laraba. Ba a ga komai ba a watan farko, ba a gani ba a na uku. A wata na biyar, wata safiya, Mai Risho yana ƙasa yana kwance kan wani murhu sai ya ji ƙarar keke daga sama. Ya ajiye sukurdireba ya hau matakalar nan bibbiyu, mutum mai shekara sittin da uku.

Sai dai maganin da sharaɗinsa ya zo. Likita ta ce yana kwantar da garkuwar jiki, abin da wani zai sha ya tashi lafiya ita yana iya kwantar da ita, don haka a kula da ruwa. Ruwan gidan kuwa daga tankin saman bene yake sauka. Famfo na kawowa kwana uku a mako, sauran kwanakin motar tanka ke zuwa ta cika, ba wanda ya san inda take ɗebowa. Mai Risho ya ɗauki tafasa ruwa kowace safiya kafin ya sauka. Amma hannun da ya dawo riƙe allura bai dawo ɗaga tukunya ba. Wata rana da ruwan jarka ya ƙare da tsakar rana Tela ta ce bari ta tafasa da kanta, ta kwara wa ƙafarta, ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta taka keke ba.

A zuwanta na gaba Auta ta zaro wata gora daga jakar bayanta. Shuɗiya ce, rabin lita take ci, a jikin murfinta akwai wani bututu mai kauri kamar kyandir da ke sauka har ƙasa. Ta ce irinta suke sha da ita a sansani, ko daga rafi suka ɗiba. Bututun nan mataci ne, ta cikinsa ruwa ke bi in an zuƙa. Don su gani da idonsu ta ɗebi ƙasa a tukunyar furen da ke baranda ta dama a ruwa, ta zuba a gorar, ta matsa a kofin gilashi. Ruwa ya fito ɗis-ɗis, fari tas. Ta kifa gorar kai ƙasa, ko ɗigo bai zubo ba. Mai Risho ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya nemi inda ake kwancewa. Takardar da ke cikin kwalin rubutunta ƙanana ne kamar ƙwan kiyashi, kuma ba da harshen da yake karantawa ba, amma lamba ba ta da harshe. Ya ga an rubuta lita dubu ɗaya.

Auta na rataye jaka a bakin ƙofa, motar aikinsu na ta yi mata hon a ƙasa, ta juyo ta ce, "Baba, in ta toshe, ka kira ni."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ni? In kira ki saboda toshewa?"

Tela ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yau ga wadda ta zo koya wa Injiniya aikinsa. Auta ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, hon ya sake tashi, ta sauka da gudu.

A ranar ya yi lissafinsa. Cikawa shida a yini, lita uku ke nan. Lita dubu za ta kai su kwana ɗari uku da talatin da uku. Ya buɗe wa gorar nata layin alli a bangon kicin, kusa da famfo, Tela na cikawa tana ja, in ta manta shi ya ja mata da yamma. Gorar ta zama 'yar ɗakinta. Tana kan keke gorar na gefen almakashi, za ta asibiti gorar na cikin jaka. Ta ce ruwan ba ya warin tanki, ba ya kuma ɗanɗanon tukunya irin na tafasasshe.

A wata na huɗu da zuwan gorar masu gyaran titi suka fasa babban bututun layin. Mako uku famfo bai ɗiga ba, sai tanka kawai, kuma ruwan da ta riƙa kawowa in ka tara a farin bokiti kana ganin jar laka na kwanciya a ƙasa. Gorar ta soma tauri. Da farko Tela ba ta ce komai ba, shi ne ya lura kumatunta na lotsawa in tana zuƙa, jijiyar wuyanta na tashi. Layin allin ya sauka daga shida zuwa huɗu, daga huɗu zuwa uku. Matar da likita ta ce ta yawaita shan ruwa ga ta tana jin ƙishirwa tana haƙuri, don muƙamuƙinta ciwo yake.

Ranar kwana na ɗari da goma sha biyu ya tsaya gaban bangon kicin ya ƙirga. Ko an ce kullum shida ta sha, lita ɗari uku da talatin da shida ke nan. Ko rabin dubu ba a kai ba. Ashe ba ƙarewa ta yi ba, toshewa ce kawai. Ya ɗauki waya, ya kai ga sunan Auta, sai maganar nan ta bakin ƙofa ta dawo masa tare da dariyar Tela. Yarinyar ma tana daji, sai ta hau tudu take samun layi. A tashe ta daga aiki a kan me? Ya mayar da wayar aljihu, hannunsa ya taɓa tsinke.

A shago ya ɓalle gindin bututun da bakin wuƙa. Ciki wasu fararen zare ne cunkus, sirara kamar gashi, sun yi ja saboda laka. Bai ga rami guda da zai ce ga shi ba, don haka ya soka ta tsakiya, ya soka ta gefe, har sau bakwai. Ya hura, iska ta wuce salin alin. Ya mayar da gindin ya zuba ruwa ya zuƙa, ruwa ya cika masa baki. Minti huɗu. Ya ɗauki alli ya ja sanda ɗaya a bayan ƙofa, cikin murahun ranar.

Tela ta zuƙa sau ɗaya, ta tsaya, ta dube shi, ya ce yaya? Ta ce sannu da aiki, Injiniya. Layin kicin ya koma shida, wata rana ma bakwai.

Kwana tara bayan haka ta tashi da murɗar ciki. Kafin la'asar ta shiga bayi sau goma sha ɗaya, yana ƙirgawa. Mai kemis ya hau ya dube ta ya ce wannan ba ta shagonsa ba ce, a tafi asibiti. Shi da mai wanki suka sauko da ita a kan kujerar roba, matakala talatin da takwas, kanta na lilo. Rigar da take ɗinka wa Auta suka bari a ƙarƙashin allurar keke, an sa hannu ɗaya, ɗayan na ajiye a kan teburi.

Aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa. Likitarta ta zo ta tsaya a kansu tana tambaya: me ta ci, wa ya yi irin wannan a gidan, wane ruwa take sha? Mai Risho ya amsa ta ƙarshen da ƙarfinsa. Ya ce wata huɗu ke nan ko kurɓi ɗaya ba ta yi ba sai ta cikin gora mai tacewa, yana da lissafin kowace cikawa. Likita ta jinjina kai ta rubuta. Ta ce to in ba ruwa ba ne, ba abinci ba ne, zarginta ya koma kan maganin Laraba, don yakan yi wa wasu haka. Za a dakatar da shi. In kuma ta tabbata shi ne, Tela ta rabu da shi ke nan, sai a fara laluben wani, kuma ba ta yi alkawarin za a samu wanda zai karɓe ta kamar wannan ba.

Tela ta ɗaga hannayenta daga kan bargo tana kallo.

Laraba ta zo ta wuce ba a sha ƙwaya shida ba. Ran Juma'a da safe ya dawo gida ya ɗaukar mata kayan sawa, ya ga gorar a gefen almakashi inda ta bar ta, ya ce bari ya wanke ya tafi mata da ita. Ya cika ta a famfo, ya rufe, ya kifa don ya goge gindinta. Ruwa ya tsiyayo masa a kan ƙafa.

Ya daɗe a tsaye yana kallon jiƙaƙƙen silifas ɗinsa. Sannan ya fita baranda ya ɗebi ƙasa a tukunyar furen nan, ya dama, ya zuba, ya matsa a kofin gilashi. Ko matsawar kirki bai yi ba kofin ya cika. Ya ɗaga shi saitin taga. Ja ne, har da ɗan guntun ganye na yawo a ciki. Ya zubar ya sake, kamar mai neman a ce masa kuskure ne. Sau uku ya yi, sau uku ruwan laka ya fito. Sai a lokacin ya fahimci cewa zaren nan da ya huda su ne matacin, taurin da ya ji haushinsa kuma laka ce da suka tare. Kwana tara, cikawa shida, hamsin da huɗu ke nan na ruwan tanka tsagwaronsa, da hannunsa ya riƙa miƙa mata.

Tashar mota goma sha ɗaya ce daga gidansu zuwa asibiti. A uku na farko ya yanke shawarar jefa gorar a shara ya sayi sabuwa, ba wanda zai sani. Cikin zai tsaya da kansa, ai ya ma fara sauƙi. A ta biyar ya tuna in cikin ya tsaya bayan an daina maganin, likita za ta ce ga shaida, maganin ne. A ta bakwai ya hango mai kemis da mai wanki suna ba da labarin a bakin shago, Mai Risho ya huda matacin matarsa da tsinke, yara na dariya. A ta tara ya hango keken a rufe da tsohon zani. Da ya sauka gorar na cikin leda a hammatarsa, ya riƙe ta kamar za a ƙwace.

Ita ya fara faɗa wa. Ya ja kujera kusa da gado, ya sunkuyar da kai, ya zayyana mata komai, har sau nawa ya soka. Ta saurara idonta a kan silin.

"Na sani," ta ce. "Tun zuƙar farko na ji warin tanki."

"Kin sani kika yi ta sha?"

"Na ga yadda ka shigo da ita kana murmushi. Na ce ko bakina ne. Kuma sauƙin ya yi mini daɗi, Injiniya, ba zan yi maka ƙarya ba."

Da likita ta zo zagaye da ƙarfe goma ya miƙe tsaye, ya ajiye gorar a kan ɗan teburin gado, ya zaro tsinken ya ajiye a gefenta. Ya ce yana da gyara a kan amsar da ya bayar ran Litinin. Likita ta ɗauki tsinken ta juya shi, ta tambayi mece ce sana'arsa. Da ya faɗa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, shi kuwa da ta yi faɗan da ya fi masa. Ta soke layi biyu a takardarta, ta aiki nas da takardar wani gwaji daban. Ta ce da ya faɗa tun ran Litinin da an rage hanya, amma da bai faɗa ba sam da an bi wadda ba ita ba. Ko da gwajin ya nuna ƙwayar cuta ce daga ruwa, maganin Laraba ba zai dawo ba sai ciki ya warke sarai, mako uku ko huɗu. Yatsun za su ƙage kafin nan. Ko za su sake saki kamar da, wannan sai an gani.

Gwaji ya nuna daga ruwa ne. Auta ta iso ran Lahadi da ƙurar hanya a takalminta. A barandar asibiti ya miƙa mata ledar. Ta ɓalle gindin bututun ta leƙa, ta ƙirga hudar da idonta. Ya jira ta ce ai na ce ka kira ni. Ba ta ce ba. Cewa ta yi haka ake yin su, in sun gama aiki sai su toshe don kar mutum ya ci gaba da sha, kuma lita dubun nan a ruwa mai haske aka auna, ba a ruwan laka ba. Ta ce abin da ta buɗe baki za ta faɗa ke nan a bakin ƙofa, mota ta yi mata hon. Ta share ido da bayan hannu ta shiga wajen uwarta, ta bar shi da leda.

Kwana goma sha biyu Tela ta yi a asibiti, ta dawo ta rage kilo shida. Kafin a mayar da ita kan ƙwayoyin, sai da Laraba huɗu ta wuce, kuma da uku aka fara, ba shida ba. Maɓallin riga ya koma hannunsa. Auta ta kawo sabon mataci da wani na ajiya, ta rubuta da babban baƙi a bangon kicin, a saman layin alli, cewa in ta yi tauri a canza. Shi kuma yanzu sai ya tara ruwa a bokiti ya kwana, laka ta kwanta, sannan ya cika gorar daga sama. Sandar nan ta bayan ƙofar shago ya neme ta zai goge, ya rasa wacce ce cikin na ranar, ya bar su duka.

Tsinken Tela ta karɓe. Ta ce zai yi mata amfani wajen zura roba a ƙugun wando, ta jefa shi a aljihun keke ta rufe. Ya yi wani sabo daga igiyar burki, amma wannan a shago yake kwana, a rataye a ƙusa.

Keken ba a rufe shi da zani ba, ta hana. Rigar Auta na nan a ƙarƙashin allura da hannunta ɗaya. Duk safiya kafin ya sauka sai ya zura mata zare a allura ko ba za ta taka ba, ya ajiye almakashi da wani tsumma a cinyarta. A Laraba ta shida da komawa kan magani ta sa yatsu cikin almakashin, ta cije leɓe, ta yanka. Ya ɗauko tef ɗinta ya auna yankan. Inci huɗu. Makon da ya wuce biyu da rabi ne.

Ta ce ya miƙo mata ruwa. Ya miƙa mata gorar, ta zuƙa, kumatunta suka ɗan lotsa. Hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa, bai sami komai ba, ya sauke shi.

"Ta yi tauri?" ya tambaya.

"Daidai take," ta ce. "Sauka ka yi aikinka, akwai mai jiranka a ƙasa tun ɗazu."

Ya sauka. A matakala ta goma sha tara ya tsaya ya kasa kunne ko zai ji ƙarar keke. Bai ji ba. Ya ɗan ƙara jira, sannan ya ƙarasa sauran goma sha taran.